Yayana ya kira ni maroƙi a gaban baƙi

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da aiki, ke da masu taya ki shirin nan. Don Allah kada a faɗi sunana ko unguwarmu, kin san Maradi, magana ba ta kwana wuri ɗaya.

Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ran Juma'a bayan la'asar Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya dube ni a zauren gidanmu, ga mutane zaune, ya ce shi bai san an taɓa haihuwar maroƙi a zuriyarmu ba sai a kaina. Ni mai shekara 48, da furfura a gemu. Ban ce masa uffan ba, don na san girman na gaba ko da shi bai san darajar na baya ba.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, shekara 23 ina riƙe da alli. Shida daga ciki a ƙauyukan wajen Dakoro na yi su ina ɗan kwantiragi, aji na zana, iska ta taso ta kwashe rufin, wani lokaci wata ya mutu wani ya kama babu albashi. Yanzu CM2, ajin ƙarshe na firamare, nake koyarwa a nan gari, kuma ko sau ɗaya anspekta bai taɓa samuna da laifi ba. Na faɗi haka ne don ki san ba ɗan iska ne ya rubuto miki ba.

Waƙa kuwa da ita na tashi. Zamanin Kunce, in ƴan Samariya suna gwaji da dare, nakan laɓe in haddace, washegari a lakwal, wato makaranta, ni ke bayarwa yara na amshi. Ranar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya ji labari, sai da ya karya tsumagiya a bayana, ya ce ba gadonmu ba ne. Na rufe baki, amma hannu bai daina ba. Littattafan rubutu 11 na cika da baitoci, suna cikin akwati. To Hajiya, marigayi Malam Mamman Barka ba malamin lakwal ba ne? Ya kaɗa gurumi, ya koyi biram, wani tsohon kayan kiɗa mai tsirkiya, ya kai sunan Nijar har Turai. Shi ma maroƙi ne?

Da hutun damina na shiga situdiyo na yi waƙa ɗaya tak, kan karatun ƴaƴa mata. Ban wasa kowa ba, ban ambaci sunan wani Alhaji ba, ban roƙi dala ba. Wani tsohon ɗalibina ne ya sa ta a WhatsApp har da hotona, ban sa shi ba, ko da yake ni na tura masa. Har daga Katsina an kira ni ana yabawa. Yaran ajina kuma in na juya ina rubutu a allo sai in ji ana rera amshin ƙasa-ƙasa, darakta ya yi mini magana a kai, amma wannan ba komai ba ne.

Na manta ban gaya miki ba, baƙin da ke zauren dangin yaron da ke neman ƴata ta fari ne, sa rana suka zo. Sun tashi ba a tsayar da komai ba, wai za su je su yi shawara. Yanzu kowa ni yake gani da laifi. Alhali su ba su ta da maganar waƙa ba, ɗayansu dai ya yi murmushi ya ce ya ji ta, shi ke nan Yaya ya samu ƙofa. Mutumin da a bikin abokansa ƴan kasuwa yake tashi ya yi wa makaɗa liƙi har gumi ya jiƙa masa riga! Tun rabon gonar Baba yake neman inda zai kunyata ni, wannan kuma wani dogon zance ne.

Uwar yaran ma ta daina yi mini magana sai ta bakin yara. Ta ce na ci amana. Gaskiya ne jika 120 da na kai situdiyo daga kuɗin adashen da muke tarawa na kayan ɗaki na ɗauka, amma aro ne, kuma rabin zubin daga albashina yake fita. Ita yarinyar ba ta ce komai ba, abinci ne dai ba ta ci. Ita ce fa ke yi mini amshi in tana shara, tun tana ƙarama.

Da na zauna rubutun nan niyyata in tambaye ki ko in ƙone littattafan in huta. Amma kuma me na yi? Wa ya kamata ya taka zuwa gidan mutanen nan ya gyara, ni ko wanda ya ɓata da bakinsa? In na je kamar na amsa sunan da ya ba ni ne. Ga shi na riga na biya rabin kuɗin waƙa ta biyu, yaron mai fiyano ya ce in zo ran Asabar, kuma kuɗin ba ya dawowa. Wannan ita ce nake fatan wata rana ta kai ni gasar waƙa ta Ɗan Gurmu a Tawa. In na je da dare, ba wanda ya sani, na ajiye ta har bayan biki, akwai laifi?

Naki,
wani mushe daga Maradi