Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Matattun Batura, Baƙin Mai da Robobin Guba a Unguwannin Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, mai girma shugaba, da sauran 'yan uwa membobi maza da mata.

Kamar yadda tsarin ƙungiyarmu ya tanada, ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa. A babban taron bara ne aka yanke shawarar mu rage ƙarfin da muke sa wa a sharar ƙarshen wata da yasar kwalbati, tunda ƙungiyoyin matasa da dama suna yi, mu koma kan sharar da babu mai kula da ita: mataccen batir, baƙin mai, robobin maganin feshi, ƙwan fitila mai tsawo, allurai da magungunan da wa'adinsu ya wuce. Wasu daga cikin dattawanmu ba su so hakan ba, domin aiki ne da ba ya fitowa a hoto. Shekara ta zagayo, kuma a ganin kwamiti shawarar ta yi daidai, ko da yake ta jawo mana matsalar da za mu ajiye a gabanku yau.

Ga sababbin membobi, dalilin bai da nisa da mu. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, jihar da sai a 1996 aka cire ta daga Sakkwato. Yara fiye da 400 suka rasu, saboda ana dakan duwatsun zinari a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Mu nan cikin gari ba mu haƙar zinari, amma dalmar da ta yi wannan ɓarna ita ce a cikin batirin mota da na sola da ke jingine a zaurukanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin mutum da aka sani ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi shan wahalarta.

Batir

Nan muka fi ɓata lokaci, nan kuma muka fi koyon abu. Tun da wutar lantarki ta zama sai an ga dama, gidaje da shagunan caji da masallatai suka koma sola, kuma zafin Sakkwato, da kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, yana gajarta ran batir. Saboda haka matattun batura sun yi yawa a gari fiye da yadda aka saba.

Ba a zubar da su. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, kuma dalma kuɗi ce, don haka kafin mai gida ya yi tunanin inda zai kai shi 'yan gwangwan sun taya. Damuwar tana ga abin da ke faruwa bayan an saya. Ayarinmu ya ziyarci wuraren tara kayan gwangwan a bayan gari, kuma abin da muka gani kusan iri ɗaya ne. Yaro matashi zai kifa batir ya tsiyaye ruwansa a ƙasa don nauyi ya ragu, ƙasar wurin ta yi fari-fari, ko ciyawa ba ta fitowa. Sai ya sa gatari ya fasa robar, ya zaro faranten da hannu, babu safa, babu takunkumi. In an jima mai abinci ta zo, ya goge hannu a wando ya ci. Da yamma da wannan wandon zai koma gida, ƙaninsa ya hau cinyarsa. Wasu ma sukan narka dalmar a kasko kan gawayi don ta fi daraja, hayaƙin kuma maƙwabta ke shaƙa.

Ba mu je musu da faɗa ba. Mutanen nan sana'arsu ce, kuma gaskiya su ne kaɗai ke kwashe wannan kaya daga gidajenmu. Mun zauna da shugabanninsu, tare da wani memba namu ma'aikacin lafiya, muka roƙi abu uku: a riƙa tura batir a yadda yake, da ruwansa, ba tare da an fasa ba, a daina narka dalma a cikin unguwa, a ajiye tufafin aiki a wurin aiki kuma a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Na uku ya karɓu nan take, musamman da muka kai musu randar roba da sabulu da safar hannu. Na biyu wasu sun bari, wasu sun koma yi da dare. Na farko shi ne mai wuya, domin dillalan da ke lodin kaya zuwa Kudu a kan kilo suke saye, kuma ba sa biyan kuɗin ruwan batir. Muddin cinikin haka yake, nasiha ba za ta wadatar ba. Mun rubuta wa ofishin NESREA, hukumar tarayya da aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha, muna neman a zauna da dillalan su kansu, tunda su ke yanka farashi.

Ƙananan batura na tocila da rediyo su kuma babu mai sayensu, juji suke tafiya. Kowa ya san manoman kewayen gari sukan kwashi ƙasar juji a jaki ko a amalanke su kai gona a matsayin taki, wato abin da muka jefar da rani yana iya komawa ƙarƙashin geron da za mu ci da kaka. Mun ajiye bokitai masu murfi a wasu makarantun Islamiyya da shagunan caji a Mabera, Runjin Sambo da Arkilla. Yara sun fi manya ƙoƙari, har gasa suka mayar da abin. Batirin waya da na fawa-banki muna ware su daban, a naɗe bakinsu da salatif, a sa cikin yashi a inuwa, domin wanda ya kumbura yana iya kamawa da wuta in an huda shi ko rana ta dake shi.

Baƙin mai

Da kanikawa da masu gyaran babur da Keke Napep aikin ya zo da sauƙi. Mun samar da durom a garejin da suka amince, ana juye man da aka sauke a ciki maimakon a bar shi ya bi kwata zuwa Gulbin Rima. Shi ma yana da masu saye. Abin da muka fi jan kunne a kai shi ne amfanin da ake yi da shi a gida: shafa wa akuya ko raƙumi mai ƙaiƙayi, zubawa a masai don sauro, ko hura wutar gashi da shi. Man da ya gama zagaya inji ya kwaso ƙarafa masu guba, bai dace da fatar dabbar da za a ci ba, balle rijiyar da ke kusa da masai. Kafin Babbar Sallah mun kuma zagaya wajen masu babbakar kai da ƙafa muna roƙon a yi da itace ko gas, a bar tsohuwar taya. Wasu sun ji. Itace ya yi tsada, tayar kuwa kyauta ce, kun san sauran.

Robobin maganin feshi

Wannan ɓangare mata membobinmu ne suka riƙe shi, kuma su suka fi kowa cancantar yabo a bana. Sun shiga gidaje a ƙauyukan Kware da Wamakko, inda maza ba za su iya shiga ba, suka dawo da labarin da ya sa muka sake tsarin aikin. A wani gida sun tarar da galan ɗin maganin ciyawa, takardarsa mai hoton ƙoƙon kai tana nan manne, an cika shi da man gyaɗa. A fadama, wajen masu noman albasa, irin wannan robar ce butar alwala, ita ce kuma gorar ruwan sha. Ba rashin hankali ba ne. Roba ce mai ƙwari da murfi mai kyau, ga shi ba a saye ta da kuɗi daban ba.

Ƙa'idar da malaman gona ke koyarwa ita muka bi: da zarar magani ya ƙare a ɗauraye robar sau 3, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, sannan a huda gindinta don kada kowa ya sake zuba abin ci. Hudawar ce mutane suka ƙi, sai da matanmu suka kawo dabarar musanya: ki kawo ta guba, a ba ki sabon galan. Kuɗin ya fito daga aljihun wata Hajiya cikin iyayen ƙungiya, wadda ta ce kada a ambaci sunanta. Allah Ya saka mata da alheri.

A nan muka haɗa da maganar fiya-fiya da Sniper. Tun 2019 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwannin yau da kullum, amma har yanzu ana yayyafa shi a ɗaki don sauro, ana kuma zuba wa wake don ƙwari. Irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Mun nuna wa masu ajiyar hatsi buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ko ɗigon magani ba.

Allurai, magunguna da ƙwan fitila

Masu ciwon sukari da ke yi wa kansu allura a gida mun koya musu tara alluran a jarka mai kauri, in ta kusa cika a rufe a kawo. Wani asibiti mai na'urar ƙona sharar asibiti ya amince yana karɓa daga hannunmu. Magungunan da suka lalace kuma mun haɗa kai da wasu masu kemis, suna tattarawa don miƙa wa hukuma ta lalata. Wannan ya tafi lafiya.

Dogon ƙwan fitila da ƙwan nan mai murɗe-murɗe su ne ciwon kanmu. Akwai ɗan sinadarin makuri mai guba a cikinsu, wanda ke tashi a iska in sun fashe. Ga wanda ya fashe masa a ɗaki: a fitar da yara, a buɗe tagogi, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, kada a sa tsintsiya.

Matsalar da ke gabanmu

Ɗakin ajiyar da wani memba ya ba mu aro ya cika. Abin da ke da farashi, batirin mota da baƙin mai da tagulla, yana fita da kansa. Abin da ba shi da farashi, ƙananan batura da ƙwan fitila da hudaddun robobi, yana nan jibge, domin kamfanonin da ke da lasisin sarrafa irin wannan kaya akasarinsu suna yankin Legas, kuma kuɗin mota daga nan ya fi ƙarfin asusunmu. An kawo shawarar a haƙa rami a binne, an kawo ta ƙonawa. Kwamiti ya ƙi duka biyun. Wanda ya tuna ambaliyar 2010, da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san abin da aka binne a ƙasar nan ruwa yana iya tono shi. Ƙonawa kuwa raba gubar ce ga duk unguwa. A 1988, da aka jibge gangunan guba daga Italiya a Koko ta jihar Delta ta yanzu, ƙasar nan ta tashi tsaye har aka yi dokar hana zubar da shara mai guba a wannan shekarar. Bai kamata ƙungiyar da ke wa'azin wannan doka ta zama mai ƙaramin Koko a bayan gidan membanta ba.

Don haka kwamiti yana neman amincewarku a kan dakatar da karɓar ƙwan fitila har sai mun samu inda za a kai shi. Mun fara magana da wasu 'yan kasuwa da motocinsu ke kai albasa da dabbobi Kudu, sai dai kayan guba ba sa hawa mota ɗaya da abinci, dole a samu mota daban da izinin hukuma. Muna kuma neman a ba mu dama mu tunkari manyan dillalan sola da na maganin feshi a gari, su riƙa karɓar tsohon kaya daga wanda ya zo sayen sabo. Su ke cin ribar shigo da kayan, ya kamata su ɗauki wani kaso na nauyin fitar da shi.

Bayanin kuɗi dalla-dalla ma'aji zai karanta bayan wannan, masu binciken asusu sun duba sun sa hannu. A taƙaice, mafi yawan abin da aka kashe ya tafi ne a durom, bokitai, safar hannu da man abin hawa, kuma babu bashi a kanmu. Kuɗin wata ne ke tafiyar hawainiya. Waɗanda ake bi su ga ma'aji kafin a tashi.

Muna godiya ga masu unguwanni da limaman da suka ba mu minti kaɗan bayan sallar Juma'a, da malaman makarantun da suka karɓi bokitanmu. Membobinmu da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar, Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri.

Abubuwan da za a kaɗa ƙuri'a a kansu yau su ne dakatar da karɓar ƙwan fitila, neman sabon wurin ajiya nesa da gidajen jama'a, da cike gurbin mataimakiyar sakatare. Mai son shiga ayarin da zai zagaya fadamu kafin a fara noman rani ya rubuta sunansa a takardar da ke bakin ƙofa, kuma an fi buƙatar mata.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin Kwamitin Zartarwa