Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu kiwon muturu

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Shugaba ya ce in rubuto abin da aka yi saboda waɗanda ba su samu zuwa mitin ba.

Aikin da ya fi cin mana lokaci bana shi ne neman bijimin muturu tsantsa. Kun dai sani muturu guntuwar saniya ce, ba ta da tozo, tsayinta da ƙyar ya kai mita 1, to abin da ke cinye ta a hankali barbara ce, mutum ya saki karsanarsa kiwo bijimin Bunaji, wato irin fararen shanun nan na Fulani masu tozo, ya hau ta, ɗan da za ta haifa ya fito da ɗan tozo, irin wanda a ƙasar Yarbawa ake ce wa keteku, an yi haka sau biyu sau uku shikenan iri ya ɓace. Mun zaga ƙauyukan duwatsu na kudancin Bauchi da Filato, wani wurin mashin ma baya hawa sai a ƙafa, kuma sau da yawa sai mu tarar an riga an yanka bijimin a biki, tsofaffin shanu kawai suka rage. A ƙarshe dai mun samu, yanzu yana zagawa gidajen mambobi bi da bi, wanda yake hannunsa shi ke ba shi harawa da dusa da kanwa. Don Allah a daina riƙe shi ya wuce kwanakin da aka yanka, wannan ya jawo ƴar hayaniya da damina.

Maganar nono kuwa gaskiya ɗaya ce, muturu ba ta kai Bunaji ba, ɗan abin da ake tatsa na kokon yara ne bayan maraƙi ya sha. Amma matan da suka gwada kindirmo da shi sun yaba kaurinsa. Ni dai abin da nake gaya wa masu yi mana dariya, ku kai farar saniya kurmin da ƙudan tsando yake ku ga yadda sammore, ciwon da ƙudan ke sa wa shanu, zai yi da ita, tamu kuwa tana nan tana kiwonta.

An yi rigakafin ciwon huhu, an yi wankan kaska, mun buɗe littafin da ake rubuta uwa da uban kowane maraƙi.

Wani ɗalibi cikinmu ya ba mu labarin saniyar Vechur ta jihar Kerala a Indiya, ita ma guntuwa ce, ta kusa ƙarewa sai a 1989 wata malamar jami'a, Sosamma Iype, ta fita da ɗalibanta ƙauye ƙauye suna nemo ragowar. Daga nan muka ɗauko shawarar rubuta wa NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, takarda kan yadda za a adana maniyyin bijiminmu, sakatare na kan rubutawa.

Kuɗin wata kam an yi sanyi sosai, ma'aji zai karanto sunayen masu bashi a zama na gaba, gara mutum ya biya kafin ranar.