Masu sayen karnukan aiki a Katsina, ku sama musu aikin yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan wani yayi da ya shigo birnin Katsina, wato sayen manyan karnukan ƙasashen waje domin gadin gida. Na daɗe ina aikin kula da lafiyar dabbobi, kuma abin da nake gani a gidaje ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ban ga laifin mai neman tsaro ba. Wanda ya ga halin da Jibiya da Batsari da Safana suka shiga, ya kuma ji labarin masu haura katanga a cikin gari, dole ya nemi abin da zai sa ya runtsa. Matsalar ita ce da yawa suna sayen kare kamar yadda ake sayen kwaɗon ƙofa: a biya kuɗi, a maƙala, a juya baya.

Alhali kowane irin nan don wani aiki aka samar da shi. Wanda muke kira Alseshiyan, wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus mai suna Max von Stephanitz ne ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, kuma abin da ya nema shi ne karen da zai wuni yana sassarfa yana kewaye garken tumaki ba gajiya. Malinuwa, karen ƙasar Beljiyam, ya fi Alseshiyan zafin nama. Irinsa ne sojojin Amurka suka tafi da shi samamen da suka kai wa Usama bin Ladan a Pakistan a 2011. Wannan karen ne samarinmu ke gani a TikTok yana hawa bango yana cafke mutum, sai sha'awa ta kama su. Bidiyon ba ya nuna mai horon da ke fita da shi kullum, safe da yamma, shekara da shekaru.

Ga yadda nake tarar da su. Keji na ƙarfe a bayan gida kusa da janareta, rufin kwano, daɓen siminti, roba da ruwan da rana ta dafa. Karen yana zagaye wuri ɗaya har ƙasan ta yi santsi, ya gwagwiyi ƙarfe har haƙoransa sun dakushe, kaska ta cika masa kunne. Bai san kowa a gidan ba sai yaron da ke turo masa kwano da sanda. Da dare a sake shi, ya kwana yana haushi maƙwabta su kwana suna tsaki. Ran da aka manta ƙofa a buɗe ya yagi ƙafar almajiri ko mai kawo ruwa, sai a ce kare ya haukace. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, zaman banza da kaɗaici ne suka mai da shi haka.

Sai kuma zafi. A watan Afirilu da Mayu ma'aunin zafi kan haura 40 a Katsina. Kare ba ya gumi a jiki irin namu, da haki yake huce zafi. To ina dalilin kawo Kokeshiyan, mai gashi ninki biyu da aka saba da shi a kan duwatsu masu sanyi, ko Haski mai jan keken ƙanƙara a Saberiya? Wannan a ganina zalunci ne, ko nawa aka saye shi.

Gidan da ya dace da karen aiki shi ne inda akwai fili, da inuwa, da mutum guda da ya ɗauki karen a matsayin aikinsa. Gidajen gona da ke wajen gari, masu garken shanu da tumaki, da hukumomin tsaro masu ƙwararrun masu horo, su ne wurinsa. Ɗan birni ma zai iya, in har zai ba shi kusan awa biyu kullum har tsawon shekara goma ko fiye, domin haka suke rayuwa. Fitar kuwa bayan sallar asuba ce ko bayan magariba. Da rana ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba.

Gudu kaɗai ba ya isar su, kai ma yana son aiki. A koya masa zauna, tsaya, zo, bari. A jefa masa ƙwallo ya ɗauko. A ɓoye ƙyalle ko ɗan nama a bayan buhu ko cikin ciyawa a sa shi ya nemo da hanci. Minti ashirin na wannan kan sa shi kwanciya fiye da doguwar tafiya. Tun yana ɗan kwikwiyo, kafin ya cika wata huɗu, ya saba da yara da awaki da ƙarar babur. Kuma a daina juye masa ragowar miya, albasa tana lalata masa jini, dafaffen ƙashin kaza kuma yana iya huda hanji.

Mafarautanmu sun riga mu sanin duk wannan. Dubi karnukansu in za su fita da rani: sirara, gajeren gashi, kowanne ya san muryar maigidansa, sun dawo a gajiye sun kwanta ba mai jin haushinsu. Ga Azawak na Abzinawan Nijar da Mali, wanda zafin Sahel bai dame shi ba. Addini ma da ya yi rangwame kan ajiye kare, ga mai farauta da mai kiwo da mai gona ya yi, duk masu aiki da shi ne.

Ina kira ga masu sayar da 'yan kwikwiyo su riƙa tambayar mai saye inda zai ajiye da wanda zai kula, su kuma miƙa katin allurar rigakafin ciwon haukan kare, a riƙa sabunta ta kowace shekara. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti ran nan. Kai kuma Malam Edita, don Allah ka tura wakilinku ya zanta da likitocin dabbobi na jiha kan wannan batu kafin bazara ta kama.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina