Bubbuga jiki da yatsu ba ya sauke hawan jini

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya shigo gidajenmu ta cikin waya, wanda saura ƙiris ya raba ni da ƙanwata. Na yi shekara 31 ina aikin jinya kafin in ajiye, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani, da hannuna kuma na auna.

Bara waccan ɓarayin daji suka tare motar da mijinta yake ciki. Ya yi kwana 40 a hannunsu, dangi suka yi karo-karo aka kai kuɗi, ya dawo ƙashi da rai, bai cika wata biyu ba Allah Ya karɓi abinsa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idon ƙanwata. Da ta ji ƙarar babur a lungu da daddare sai gabanta ya yanke ya faɗi, tafin hannunta ya jiƙe sharkaf da gumi. Dama tana da hawan jini tun haihuwar autanta, kullum da safe tana haɗiyar ƙwayar amlodipine guda ɗaya.

Bayan ta fita takaba, wata ta turo bidiyo a zauren WhatsApp na matan unguwarsu. Wata mata ce ke koyar da abin da ake kira EFT, wato bubbuga wasu gurare na jiki da kan yatsu don a rabu da damuwa. Ƙanwata ta biya naira dubu 15 ta shiga ajin.

Ranar da na je gaishe ta, na same ta zaune a kan tabarma bayan la'asar, idonta a rufe. Tana bubbuga gefen tafin hannunta na hagu da yatsu biyu na dama, tana cewa a hankali, "Duk da ina da wannan tsoro, na karɓi kaina yadda nake." Sau uku ta maimaita. Daga nan ta koma farkon gira, gefen ido, ƙarƙashin ido, ƙasan hanci, haɓa, ƙashin wuya, ƙasan hammata, sai tsakiyar ka, kowane wuri kamar bugu bakwai. Da ta gama ta ja dogon numfashi ta ce, "Yaya, da na fara tsoron yana kan takwas cikin goma, yanzu ya sauko huɗu. Wallahi ina samun sauƙi." Ban ƙaryata ta ba, domin na ga kafaɗunta sun sauka, fuskarta ta saki irin sakin da rabona da ganinsa tun mijinta na da rai.

Ina tashi zan sha ruwa sai na hango katin maganinta a kan firji, cike, har ƙura ta hau shi. Na tambaye ta. Ta ce ai malamar ta gaya musu hawan jini damuwa ce da ta toshe hanyoyin ƙarfi na jiki, in aka buɗe su babu sauran buƙatar maganin asibiti. Sati biyar ke nan ba ta sha ba. Na ciro abin awo daga jakata na ɗaura mata: 188 bisa 112. Sai a lokacin ta yarda cewa ƙeyarta na sara tun shekaranjiya, idonta kuma yana ganin hazo-hazo. Ko mayafi ban bari ta zaɓa ba, muka tare Keke muka nufi asibiti. Na ga masu shanyewar ɓarin jiki da yawa a rayuwata, na san yadda abin ke farawa: mutum yana jin kansa garau, har zuwa safiyar da za a ga bakinsa ya karkace.

Da hankalina ya kwanta na zauna na bi asalin abin, don kada in yi wa kowa ƙazafi. Wani masanin halayyar ɗan Adam ne a Amurka, Roger Callahan, ya fara shi wajen 1980. Ya ce wata mai tsananin tsoron ruwa ta warke nan take bayan ya sa ta bubbuga ƙarƙashin idonta. Ya jingina bayaninsa da tsohuwar fahimtar likitancin ƙasar Sin, wadda ta ce akwai hanyoyi da wani ƙarfi ke bi a jikin mutum. Ya sa wa dabararsa suna TFT, har ya riƙa karɓar dala dubu 100 a hannun mai son koyon matakinta na ƙoli. Ɗalibinsa Gary Craig, wanda injiniya ne da ya yi karatu a Jami'ar Stanford, ba likita ba, shi ya sauƙaƙa ta a shekarun 1990 ya kira ta EFT. Mu da muka karanci sassan jiki mun ga jijiyar jini, mun ga jijiyar laka, amma har yau babu wanda ya feɗe gawa ko ya ɗauki hoto ya nuna waɗancan hanyoyin ƙarfi.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda Waite da Holder suka yi a Kanada a 2003. Sun ɗauki ɗaliban jami'a 119 masu tsoron wani abu, suka raba su gida huɗu. Na farko suka bubbuga guraren da EFT ta tsara. Na biyu suka bubbuga wasu gurare dabam a hannu. Na uku ma ba jikinsu suka taɓa ba, 'yar tsana aka ba su suka bubbuga. Na huɗu aka sa su wani ɗan aikin hannu da takarda. Gida ukun farko duk tsoronsu ya ragu, kusan daidai wa daida. To in 'yar tsana ta yi aikin da ƙarƙashin ido ya yi, ashe sirrin ba a guraren yake ba. Akwai bincike da dama da suka ce dabarar na rage fargaba, amma da yawansu masu koyar da ita ne suka yi su, kuma sukan gwada ta ne da mutanen da aka bari suna jira ba a yi musu komai ba. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, a ƙa'idarta ta 2018 kan ciwon firgici bayan bala'i, ba ta sa ta cikin abin da za a yi wa majiyyaci ba, cewa ta yi a ƙara bincike. Abin da ta sa gaba shi ne jinyar tattaunawa da ƙwararre, inda ake bin abin da ya faru daki-daki har zuciya ta daina zabura.

To me ya sa ƙanwata ta ji sauƙi? Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma amsar ta yi mini ɗaci, domin da laifina a ciki. Tun ranar rasuwa, duk wanda ya shigo gidan kalma ɗaya yake kawo mata: "Ki yi haƙuri." In ta fara kuka a ce, "Kul, addu'a yake buƙata." Ni kaina na faɗa mata haka ya fi a ƙirga. Wata huɗu da kwana goma tana zaune a ɗaki, babu wanda ya ce mata, "Me kike gani in kin rufe ido?" Wannan bubbugawa ita ce ta fara ba ta damar buɗe baki ta ce "ina jin tsoro" ba tare da an toshe mata baki ba. Ta ware minti goma don kanta, ta numfasa a natse, ta ambaci ciwon da sunansa, hannunta na kan jikinta kamar yadda uwa ke jijjiga jariri tana bubbuga bayansa har ya yi barci. Kowace ungozoma ta san wannan yana kwantar da hankali. Ba sai an biya dubu 15 ba. Haƙuri kuwa bai taɓa hana mutum faɗin abin da ke cin ransa ba. Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, ya yi kyakkyawan haƙuri, amma baƙin cikin rabuwa da ɗansa sai da ya mayar da idanunsa fari.

Na kuma san dalilin da ya sa irin wannan kasuwa ke ci. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan an shafe shekaru ana aiki da ta 1958. Ga kuma kunya: ka ce wa mace ta je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau ko Kware, sai ta ce, "Ni mahaukaciya ce?" Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Saboda haka ba na cewa a hana kowa bubbuga goshinsa in yana jin daɗi. Abin da nake ƙi, da dukkan zuciyata, shi ne a ce wa mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko mai farfaɗiya, ko wadda ta ji kulluɓutu a nononta, wai yatsunta sun wadatar. Duk mai koyarwar da ta ce ki ajiye maganinki, ki ajiye ta ita. Na kira waccan malama na gaya mata lambar da na gani a abin awo, ta ce mini wai dafi ne yake fita daga jiki. Har yanzu ajinta na ci, ta ma ƙara kuɗi.

Ƙanwata ta koma kan maganinta, likita ya ƙara mata wani a kai. Awon Juma'ar da ta wuce 134 bisa 86. Sau biyu a wata nake raka ta ganin mai jinyar tattaunawa, ina zaune a benci a waje har ta fito. Takan yi bubbugarta da daddare in babur ya wuce, ban hana ta ba, sai dai yanzu in ta gama nakan ce ta ba ni labarin abin da ta gani.

Edita, ina roƙon ka tura wakilinka na fannin lafiya ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan azuzuwa da ake buɗewa a waya, ya saurari abin da ake gaya wa mata game da magungunansu, sannan ya kai wa likitan zuciya ya ji ta bakinsa. A ajin ƙanwata kaɗai mata sun fi 60, kuma na san aƙalla biyu daga cikinsu da allurar suga suke rayuwa.

Wassalam.

Daga wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Tudun Wada, Kaduna.