Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Mitin ɗin wata-wata dai an yi su, kuma fuskokin da kuka sani su ne ke zuwa.

Abin da ya faranta mana rai bana shi ne taron Ranar Teku ta Duniya, 8 ga Yuni. Wannan karon ba mu cika mutane da dogon turanci ba, jami'armu ta wayar da kai kwalba ta zo da ita cike da ruwa da yashin bakin kogi, ta tace da rariya a gaban kowa sai ga ɓarɓashin roba ja da shuɗi, wasu ba su kai milimita 5 ba, irin wanda kifi ke haɗiyewa. Yara har turereniya suke wajen leƙawa. Sai da ido ya gani sannan aka faɗa musu kusan tan miliyan 11 na roba ke shiga teku duk shekara. Wani dattijo ya ce to wanda bai taɓa ganin teku ba ina ruwansa? Ta ce baba ai ledar da aka yar a kwata ruwan sama ke janta zuwa kogi, kogi kuma teku ya nufa. Wallahi shi ya fi kowa tambaya daga baya.

Maganar ɗan littafin da muka yi alkawari kan yarjejeniyar da ƙasashen duniya ke son ƙullawa don magance gurɓata muhalli da roba ke yi, masu cewa kwamiti ya yi barci su yi mana adalci. Tun Maris 2022 a Nairobi ƙasashe suka amince za a yi yarjejeniyar, aka zauna a birnin Busan na Koriya ta Kudu ƙarshen 2024 aka tashi ba matsaya, aka koma Geneva a Agustan bana nan ma haka, wasu na son a rage ƙera robar ne tun daga tushe, ƙasashe masu man fetur kuma sun ce a tsaya kan shara da sake sarrafawa kawai. To me za mu buga? Mun rubuta bayanin wannan saɓani, amma kuɗin bugawa babu.

Ko rabin membobi ba su biya kuɗin wata ba, ma'aji ya gaji da kira, ni ma na gaji. A guruf ɗin WhatsApp kowa gwani ne wajen shawara, ranar kwasar leda kuwa sai uzuri. Wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin mitin na gaba don Allah, in ba haka ba littafin nan zai ci gaba da zama a kwamfuta.

Sakatare