Kowace Ɗagawa da Sunanta: Kira ga Masu Fassara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu fassara a kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda ake mayar da kowace kalmar Turanci da ta shafi ɗagawa ko nuna isa zuwa "girman kai", alhali kuwa ba abu ɗaya suke nufi ba.

Kalmar arrogant ta samo asali ne daga arrogare ta Latin, wato mutum ya yi iƙirarin abu ga kansa, don haka "girman kai" ya dace da ita. Amma domineering daga dominus ta fito, wato ubangida, kuma mai wannan hali ba ya samun sukuni sai ya ga wani a ƙarƙashin ikonsa. Na taɓa ba ɗalibaina aikin fassara, sai kusan dukkansu suka mayar da a domineering manager "manaja mai girman kai". Na ce su ƙaddara manajan da yake gaisawa da kowa cikin fara'a, har ya tambayi lafiyar iyali, amma da zarar an zauna taro sai ya katse duk wanda ya buɗe baki, kuma ko takarda ba a isa a ɗaga ba sai da izininsa. Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai wannan danniya ce da babakere." Gaskiyarta, domin da sun bar fassarar farko, da mai karatu bai san irin ƙuncin da ma'aikatan suke ciki ba. Overbearing ma a wannan rukuni take, bossy kuwa ta fi sauƙi, har ga yara ana amfani da ita.

Wadda ta fi burge ni ita ce supercilious, wadda tushenta supercilium yake nufin gira. Bature ya lura da girar mai raini, mu kuma hancinsa muka duba, shi ya sa muke cewa yana hura hanci ko yana shan ƙamshi. Condescending kuwa a da yabo ce ga babban da ya sauko ya yi hulɗa da na ƙasa, amma yau tana nufin wanda yake yi maka magana cikin laushin da raini ya cika, kamar yana yi maka alfarma. Proud tana buƙatar kula ta daban, saboda uban da ya ce yana proud da 'yarsa alfahari yake yi da ita.

Hausa tana da gadara, fankama, taƙama, izza da ji da kai. Ina roƙon ɗakin fassararku ya riƙa duba jimlar gaba ɗaya, ya gane ko mutumin kansa yake ɗagawa ko wasu yake takewa, kafin ya zaɓi ɗaya daga cikinsu.

Naku,
Wani malamin Turanci