Yadda Shugabanci Ya Faro a Ikkilisiyar Farko

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, na rubuto ne game da shirin da kuka watsa kwanakin baya kan tarihin addinin Kirista, inda baƙonku ya kawo jerin shugabannin ikkilisiya tamkar jerin sarakunan gidan sarauta, wannan ya rasu wancan ya hau, tun daga Manzo Bitrus har zuwa Fafaroman yau. Na ji daɗin shirin ƙwarai, amma a matsayina na wanda ya daɗe yana koyarwa a ajin Lahadi, ina ganin an gajarta wa masu sauraro labarin.

Gurbin farko da aka cike a Urushalima shi ne na Yahuza Iskariyoti, manzon da ya ci amanar Yesu. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce mutane kusan 120 ne suka taru, Bitrus ya kafa sharaɗi cewa sai wanda ya bi Yesu tun daga baftismar Yahaya, aka tsayar da mutum biyu, aka yi addu'a, aka kaɗa ƙuri'a, ta faɗa kan Matiyas. Zaɓe na biyu kuwa gunaguni ne ya haifar da shi, domin Yahudawa masu jin Helenanci sun koka cewa ana tauye wa matansu da mazajensu suka rasu rabon abinci na kullum. Manzanni suka ce wa jama'a su zaɓi mutum bakwai da kansu, cikinsu har da Istifanas, sannan suka ɗora musu hannu. Kullum na karanta wannan wuri ina tunawa da ranar zaɓen dattawa a majami'armu, lokacin da ake zagayawa da kwando kowa ya jefa 'yar takardarsa a naɗe.

Wani abin da shirin ya tsallake shi ne matsayin Yaƙub ɗan'uwan Yesu. A taron da aka yi a Urushalima wajen shekara ta 49 kan ko wajibi ne a yi wa waɗanda ba Yahudawa ba kaciya, Bitrus da Bulus sun yi magana, amma Yaƙub ne ya yanke shawarar ƙarshe, kuma shi ya ci gaba da jagorantar ikkilisiyar birnin har aka kashe shi a shekara ta 62. A wancan zamani ma kalmar da ta zama "bishop" ba ta bambanta da dattijo ba. Da Bulus ya kira dattawan Afisa zuwa Militas domin yin bankwana, su ɗin ya kira masu kula da garke, da wannan kalmar ta Helenanci.

Wajen shekara ta 96 rikici ya tashi a Koranti har aka tuɓe waɗansu dattawa. Kilimas, ɗaya daga cikin shugabannin ikkilisiyar Roma, ya rubuta musu doguwar wasiƙa yana cewa bai kamata a cire mutanen da manzanni ko magadansu suka naɗa da yardar dukan ikkilisiya ba. A ganina wannan zance na yardar jama'a shi ne aka fi mantawa da shi a yau. Sai a farkon ƙarni na biyu ne Ignatiyas na Antakiya, yana kan hanyarsa zuwa Roma a ɗaure, ya rubuta a fili game da bishop guda a kowane gari, da dattawa da dikinoni, wato masu hidima, a ƙarƙashinsa.

Shi kuwa jerin bishop-bishop na Roma da baƙonku ya ambata, Irenayas na Liyon ya rubuta farkonsa wajen shekara ta 180, daga Linus har zuwa Elutiriyas na goma sha biyu. Dalilinsa shi ne mayar da martani ga masu da'awar cewa sun gaji wata koyarwa ta asiri. Ya ce musu ga waɗanda suka karɓa hannu da hannu a bainar jama'a, kuma shi kansa yana yaro ya saurari Folikab na Simirna, wanda ya saurari Manzo Yahaya. 'Yan'uwanmu Musulmi da suka san darajar isnadi za su gane hujjar nan da nan.

Roma ma ba ita kaɗai ba ce, domin taron Nikiya na shekara ta 325 ya tabbatar da ikon Iskandariya da Antakiya a yankunansu. Kibɗawan Masar suna ƙirga shugabanninsu daga Markus, kuma daga Iskandariya ne Atanasiyas ya naɗa Furumentiyas bishop na farko na Habasha, aka ci gaba da aiko musu shugaba daga Masar har zuwa tsakiyar ƙarni na ashirin, kafin su sami uban ikkilisiya nasu a 1959.

Ina roƙonku idan za ku koma kan batun ku gayyato limamin Katolika da na Angilikan da kuma fasto daga ikkilisiyoyin da dattawa ke jagoranta, domin kowannensu ya bayyana da bakinsa yadda yake fahimtar wannan gado.

Naku mai sauraro,
daga Kafanchan